Aikin Sa-kai Bayan An Manyanta: Jagora Ga Dattawan Karkarar Kano Da Jigawa

Ma'aikacin gwamnati a ƙasar nan yakan ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko shekara 35 a bakin aiki, duk wadda ta riga zuwa, kuma da yawa daga cikin 'ya'yan karkara da suka ƙarar da ƙuruciyarsu a ofisoshin Kano da Dutse sukan tattara nasu ya nasu su koma mahaifa. Manomi ba shi da takardar ritaya, amma shi ma akwai daminar da zai wayi gari ya tarar 'ya'yansa sun karɓe garma da shanun huɗa, sun bar masa zagayen gona da sanda a hannu. Haka ma uwargidan da ta aurar da 'yar autarta, surukai suka karɓi madafi. Dukansu sukan sami kansu da abin da ba su taɓa mallaka ba, wato lokaci, a garin da kusan duk wani abu na jama'a, tun daga famfo har ajin firamare, yake neman mai kula da shi.

Aikin sa-kai ba baƙo ba ne a wurinmu. Da gayya ake nome gonar marar lafiya, da gayya ake yaɓen masallaci a yashe rijiya, kuma har gobe ba a biyan kowa don ya haƙa kabari. Sai dai gayya ta masu jini a jika ce. Jarin dattijo daban yake: an san shi, ana jin nauyinsa, yana tuna abin da ya faru tun kafin a haifi masu gardama, dattijuwa kuma tana shiga har uwar ɗakin da ma'aikacin gwamnati ba zai wuce zauren gidan ba. Saboda haka aikin da ya dace da babba shi ne wanda yake bukatar amana fiye da ƙarfin damtse, kuma matakan da ke tafe duk a kan wannan aka gina su.

Mataki na farko: ka auna kanka

Kafin ka yi wa kowa alkawari, je asibiti mafi kusa a auna maka jini da suga, domin hawan jini yakan daɗe a jikin mutum bai sani ba, kuma mai shi bai kamata ya ɗauki aikin da zai tsayar da shi a rana ba, musamman daga watan Maris zuwa Mayu, lokacin da zafin bazara yake kai wa maƙura. Ka faɗa wa kanka gaskiya game da gwiwa da ido da kunne. Wanda gwiwa ta hana shi yawo zai iya riƙe littafin lissafi a inuwa, wanda ido ya yi wa rauni kuma zai iya zaman sulhu, tunda can kunne ake bukata.

Daga nan ka yanke yawan lokacin da za ka bayar, kuma ka fara da kaɗan. Safiya biyu a mako, daga bayan karin kumallo zuwa hantsi, ta isa a wata ukun farko. Ka sanar da iyalinka tun da wuri. Mace ta nemi yardar mijinta, idan kuma ba ya raye ta yi shawara da manyan 'ya'yanta, don kada a wayi gari ɗanta da ke birni ya ji a bakin mutane cewa tsohuwarsa tana bin gida-gida, ya ɗauka talauci ne ya fitar da ita, ya zo ya hana.

Mataki na biyu: ka saurara kafin ka zaɓa

Kuskuren da tsofaffin ma'aikata suka fi yi shi ne su dawo gida da tsari a aljihu, su tara mutane su karanta musu abin da garin yake bukata, alhali shekara talatin rabonsu da kwana bakwai a jere a cikinsa. Ka ɗauki wata guda kana zuwa wuri huɗu ba tare da ka ce komai ba sai gaisuwa: asibitin sha-ka-tafi ranar awon masu ciki, makarantar firamare da ƙarfe takwas na safe, bakin famfo ko rijiya da yamma, da ƙofar gidan mai unguwa bayan la'asar. A nan za ka ga abin da yake ciwo. Idan ajin da aka rubuta yara sittin ka tarar da ashirin ranar kasuwa, ka ga aiki. Idan famfon tuƙa-tuƙa ya shekara a mace saboda ƙaramin ƙarfe, mata suna komawa kududdufi, ka ga wani.

Mataki na uku: ka ɗauki abu guda

A nan ne zan fi daɗewa, domin ayyukan suna da yawa kuma kowanne da irin mutumin da ya dace da shi.

Fannin lafiya shi ne ya fi buɗaɗɗiyar ƙofa, kuma tarihi ya nuna dalili. A 2003 an dakatar da rigakafin shan-inna a Kano saboda jita-jitar da ta bazu a kan maganin, sai a 2004 aka dawo da shi, kuma ba a kai ga watan Agustan 2020 ba, lokacin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar an kawar da asalin ƙwayar cutar daga Afirka, sai da sarakuna da hakimai da dagatai da limamai suka sa baki, suka ɗiga wa 'ya'yansu a bainar jama'a. Babban abin da ya sauya tsakanin waɗannan shekaru shi ne bakin da yake kiran mutane. Kowace mazaɓa ya kamata a ce tana da kwamitin da ke haɗa asibiti da jama'ar gari, kuma shugaban asibitin zai gaya maka ko na mazaɓarku yana raye, da ranar da yake zama. Aikinka a ciki ba allura ba ne, ba kuma rubuta magani ba. Aikinka tunatarwa ce: jariri yana karɓar rigakafi a kwanakinsa na farko, sannan a sati 6, da sati 10, da sati 14, sai ta ƙyanda a wata 9 da ta biyu a wata 15, kuma yawancin iyaye ba ƙi suke yi ba, lissafin ne yake ɓace musu bayan an sha suna. Haka da damina, idan masu rabon maganin kariya daga zazzaɓin cizon sauro suka zo wa yara 'yan wata 3 zuwa ƙasa da shekara 5, sukan ba da na ranar farko a gabansu su bar wa uwa na kwana biyun da suka rage, kuma a waɗannan kwana biyun ne maganin yakan ƙare a saman kwano. Kakar da za ta leƙa gida biyar na maƙwabta ta tambaya ko an bayar ta yi abin da ma'aikaci ba zai iya ba.

Akwai wani ɗan zare mai launi uku da ake auna damtsen yaro da shi don gano tamowa, ga yara daga wata 6 zuwa shekara 5, kuma ba ya bukatar karatun boko. Na taɓa ganin wata dattijuwa, tsohuwar ungozoma, tana aiki da shi a tsakar wani gida. Ta zauna a kan turmi, ta ɗora yaron a cinya tana yi masa wasa, ta zagaya zaren a tsakiyar damtsensa na hagu, bai matse ba bai kuma yi sako-sako ba. Ya faɗa a ja, wato ƙasa da santimita 11.5, alamar tamowa mai tsanani. Ta danna bayan ƙafafunsa biyu da babban yatsa na ɗan lokaci don ta ga ko wurin zai lotsa, sannan ta dubi uwar ta ce, "'Yar nan, wannan ba haƙori ba ne, ba kuma mayu ba ne. Gobe da sassafe ki shirya, ni zan raka ki." Uwar ta ce, "Inna, malam ba ya nan, ya tafi cin rani." Tsohuwar ta ce, "Ni zan gaya wa surukinki yau da daddare." Da a ce baƙuwa ce ta faɗi haka da maganar ta tsaya a nan, amma da yake ita ce ta yanke wa mijin cibiya, washegari aka tafi.

Dattijai mata su ne kuma suka fi dacewa da sa ido a kan masu ciki. Zubar jini, kumburin fuska da ƙafafu, ciwon kai mai tsanani, jijjiga, da naƙudar da ta wuce yini guda ko dare guda, duk alamu ne na a tafi asibiti nan take. Doguwar naƙuda ita ce babbar hanyar yoyon fitsari, kuma duk wanda ya taɓa ziyartar sashen da ke kula da masu wannan lalura a asibitin Jahun ya san abin da jinkirin awanni yake jawowa. Dattijo namiji yana da rabonsa a nan: ya yi magana da direba ɗaya ko biyu a tashar garin tun kafin bukata ta taso, a ajiye lambar wayarsu a wurin mai unguwa, a kuma tanadi kuɗin mai, don kada a tsaya ciniki da ƙarfe biyun dare.

Makaranta ta fi dacewa da tsofaffin malamai, ko da yake ba su kaɗai ba. Makarantun gwamnati suna da kwamitin kula da makaranta wanda ya haɗa shugaban makaranta da iyaye da wakilin mai gari da mata da malaman addini, kuma a wurare da yawa sunaye ne kawai a takarda saboda babu mai lokacin zuwa. Wanda zai riƙa leƙawa da safe, ya san yaran da ake cirewa lokacin shuka da girbi ko ranar kasuwa, ya bi iyayensu da lalama, ya yi aiki babba. Wanda kuma ya iya koyarwa zai iya buɗe ajin yaƙi da jahilci a zaurensa bayan isha'i, kamar yadda aka saba tun zamanin En'e, wato hukumar mulkin gargajiya ta da, kuma Kano tana da hukumar ilimin manya tun 1980, zamanin gwamnatin Abubakar Rimi. Ka nemi jami'in ilimin manya a sakatariyar ƙaramar hukuma don ajin ya shiga rajista. Shawarata ita ce ka fara da abin da ɗaliban suke bukata gobe, wato rubuta suna, karanta lamba a waya, da gane saƙon shigar kuɗi, kafin a kai ga baƙi da wasali.

Sulhu kuwa shi ne gadon dattawa, amma yana da ƙa'ida, kuma wanda ya shige shi ba shiri yakan fito da maƙiya biyu maimakon ɗaya. Rigimar karkara ba ta wuce iyakar gona, da ɓarnar dabbobi da kaka kafin manomi ya kwashe amfaninsa, da toshe burtali, da saɓanin ma'aurata. Kada ka je kai kaɗai. Idan tsakanin manomi da makiyayi ne, a tafi da wanda ardo ya amince da shi da wanda mai unguwa ya turo, a je gonar tun da safe kafin sawun dabbobi ya ɓace, a kimanta ɓarnar da dami ko da buhu a gaban kowa. A ji kowane ɓangare shi kaɗai tukuna, domin mutum yakan faɗi a keɓe abin da girman kai ba zai bar shi ya faɗa a taro ba. Abin da aka daidaita a kai a rubuta shi, da boko ko da ajami, shaidu su sa hannu, kowa ya riƙe nasa. Idan iyaka ce, a dasa gamba ko a kafa dutse a ranar, kada a bari sai gobe. Sannan ka san inda ikonka ya tsaya. Duk abin da aka zubar da jini a cikinsa, da fyaɗe, ba na zaure ba ne, na 'yan sanda da kotu ne, kuma dattijon da ya rufe irin wannan da sunan rufin asiri ya zalunci wanda aka cuta. Rabon gado ma a bar wa alƙali ko malamin da ya san ilimin, kai dai ka tsaya a matsayin shaidar wanda ya san gonar wane ce tun asali.

Sauran ayyukan sun danganta da inda kake. A ƙasar Haɗejia, wajen Auyo da Kirikasamma da Guri, ciyawar kachalla tana toshe hanyoyin ruwa har ambaliya ta juya kan gonaki da gidaje. Tsoho ba zai shiga ruwa da lauje ba, amma shi ya san inda tsohuwar hanyar ruwan ta bi, kuma shi zai iya kiran gayyar garuruwa uku a rana ɗaya. A arewa, wajen Maigatari da Ɓaɓura da Ɗambatta, inda rairayi yake matsowa, renon dashen darbejiya da kuka da tsamiya a cikin leda aiki ne na zaune, a dasa idan ruwa ya zauna a watan Yuli, a kewaye da ƙaya saboda awaki, a kuma roƙi manoma su bar tohon gawo idan suna sharar gona. Ga masu ilimin addini akwai kwamitin zakka, inda ake fitar da ɗaya bisa goma na amfanin da ruwan sama ya shayar, da ɗaya bisa ashirin na noman ban-ruwa, kuma babu wanda ya kai tsohon gari sanin gidan da ake kwana da yunwa ba a faɗa.

Mataki na huɗu: ka shiga ta ƙofa

Ko da kai ne tsohon darakta, kada ka fara komai sai mai unguwa ya sani, shi kuma ya kai ka wurin dagaci. Maganar ba ta bukatar tsawo: "Ranka ya daɗe, na dawo gida, ina da sauran ƙarfi kaɗan, ina so in riƙa taimakawa a makaranta idan kun ba ni izini." Wanda ya tsallake wannan mataki, komai kyawun niyyarsa, za a fassara aikinsa da neman sarauta. Bayan haka ka gaisa da liman don ya yi sanarwa bayan sallar Juma'a idan aikin na jama'a ne, sannan ka je wurin shugaban asibiti ko na makaranta a matsayin mai taimako. Sau da yawa zai kasance sa'an ɗanka ne, wataƙila ma kai ka koyar da shi, amma a wurin aikinsa shi ne shugaba, kuma idan ka ga kuskure ka faɗa masa a ofis, ba a gaban marasa lafiya ko ɗalibai ba.

Ka nisanta aikin da siyasa. Da zarar an ga hular jam'iyya a kanka ranar rabon maganin zazzaɓin cizon sauro, rabin garin ya rufe maka ƙofa. Game da alawus kuma, wasu shirye-shiryen sukan ba da ɗan kuɗin mota ko na abinci, ba laifi ba ne ka karɓa, amma kada ka gina zuwanka a kansa, domin yakan makara, yakan kuma yanke ba sanarwa.

Mataki na biyar: kada kuɗin jama'a su kwana a aljihunka

Wannan darasi a jikina na koye shi. Lokacin da Jigawa take ta fafutukar tsaftar muhalli, wadda ta kai ta ga zama jiha ta farko a Najeriya da aka ayyana ta daina bahaya a fili a 2022, an kafa kwamitocin ruwa da tsafta a garuruwa da dama, kuma aka ɗora mini riƙe kuɗin gyaran famfon unguwarmu. Kowane gida yana ba da abin da aka yi ittifaƙi a kai duk wata, ni kuma ina zubawa a aljihun babbar riga, ina cewa ai kowa ya san ni. Da famfon ya lalace aka kira mai gyara, ya karɓi kuɗin kaya ya tafi birni, sai bayan mako uku ya dawo da abin da bai yi daidai ba. Ban ci ko kwabo ba, amma ba ni da takardar da zan nuna, kuma ranar da wani yaro sa'an jikana ya miƙe a taro ya ce, "Baba, nawa aka tara, nawa ya rage?" sai na tsaya ina lissafi da yatsu. Ban yi barcin kirki ba a daren nan.

Tun daga ranar muka sauya tsari, kuma shi nake ba kowa shawara ya bi. A sayi littafi mai bango, wanda yake rubutu daban, wanda yake riƙe kuɗi daban. Duk abin da ya shiga ko ya fita a rubuta shi da kwanan wata a gaban mutum biyu. Idan kuɗin sun taru a buɗe asusu da sunan kwamiti, wanda ba a cirewa sai da hannu biyu, idan kuma banki ya yi nisa a yi akwati mai kwaɗo biyu, makullan a hannun mutum biyu da ba gida ɗaya suke ba. Mai gyara kada a ba shi kuɗin kaya shi kaɗai, a haɗa shi da ɗan kwamiti su je kasuwa tare su dawo da rasit. Duk ƙarshen wata a karanta lissafin a ƙofar masallaci, a kuma aika wata ta karanta wa mata, tunda su ne suka fi biya kuma su ne suke ɗiban ruwan.

Mataki na shida: ka ɗauki yaro a gefenka

Tun ranar farko ka nemi matashi ɗaya, ko budurwa idan aikin na mata ne, wanda ya iya rubutu da waya. Shi zai ɗauki hoton katin rigakafi, ya kira direba, ya hau babur ya kai saƙo sakatariya, kai kuma kana buɗe masa ƙofofin da ba zai iya buɗewa ba. Ka bar shi ya yi magana a taro, ka gyara masa bayan an watse. Ka koya masa riƙe sirri, domin mai bin gidaje yakan ga rumbun da ya ƙare da auren da yake tangal-tangal, kuma ranar da ɗaya daga ciki ya fito a majalisar mai shayi, aikinku ya mutu a unguwar.

Duk wata shida ka zauna ka sake duba jikinka da aikin. Idan ka fara manta alkawari, ko tafiyar da kake yi kafin hantsi ta koma sai azahar, ko iyali sun fara ƙorafi, lokacin rage kaya ya yi. Ka je wurin mai unguwa kamar yadda ka je da farko, ka sanar da shi wata guda kafin ka sauka, ka ambaci wanda kake ganin zai iya, amma ka bar wa kwamiti zaɓi. Ranar miƙawa a tara 'yan kwamitin, a ƙirga abin da ke akwati a gaban kowa, a gwada shi da abin da ke littafi, ka sa hannu a ƙarƙashin layin ƙarshe, sabon ma'aji ya sa nasa, sannan ka miƙa makulli.